Hawan Dutse da 'Yar Fari

Duhun asuba bai gama yayewa ba muka fito, wata Asabar a tsakiyar Janairu, muka tarar motar ta kwana cikin ƙanƙara. Gilashin gaba ya yi fari fat. Maigida ya koma ciki ya ɗauko butar ruwan zafi zai sheƙa masa, sai ga Anti ta ɓullo daga ƙofarta tana ihu, wai so yake ya fasa gilashi tun ba a je ko'ina ba. Da tsohon katin waya, irin wanda muke kiran gida da shi, aka kankare. Maigida na kankara yana mita, tururi na fita daga bakinsa, ni kuma ina tsaye da kuloli biyu ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Anti maƙwabciyarmu ce, 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya, ta riga mu zuwa Greensboro, nan Amirka, da shekaru. Ita ta ƙulla wannan tafiya. Ta ce tun da sanyi ya shigo yaranmu uku ba su ga rana ba sai ta taga, kullum faɗa a kan talabijin, in ba a fita da su ba bangon gidan ma sai sun cinye. Ta ce akwai wani dutse a arewa da gari, Hanging Rock, inda mutane ke kai 'ya'yansu yawo ko da tsakiyar sanyi ne. Na daɗe ina ganin Turawa na lodin yara da karnuka ranar Asabar suna nufar daji, ina so in san abin da suke samowa a can. Shi ya sa na amsa mata tun kafin in shawarci kowa.

Wadda ba ta amsa da wuri ba ita ce Hajiya, mahaifiyar maigida. Daga Maraɗi ta zo mana zaman jego da na haifi auta, kuma ƙarshen Fabrairu za ta koma. Da aka gaya mata shirin, sai ta dubi Anti.

"In anka hau, mi za a iske? Kasuwa ce ko kabarin waliyyi?"

"Mama, iska kawai za mu sha."

"Iska? Wagga da ta ishe mu bakin ƙofa ba ta isa ba?"

Duk da haka ita ta riga kowa shiri, don ba ta yarda a kai mata jikoki daji babu idonta ba. Ta mulke su da man kaɗe har suna ƙyalli, ta jibga wa kowa riguna a kan riguna, ɗan namijin nan mai shekara huɗu har hannayensa ba sa sauka.

Akwai wani abu da na fito da shi daga gida wanda ba ya cikin kula, gara in faɗe shi tun yanzu. Babbar 'yata shekararta shida, 'yar fari ce, kuma sunan Hajiya ta ci. Kun san yadda muke. Ba na kiran sunanta, ba na ɗora ta a cinya, ba na riƙe mata hannu a gaban mutane. “Ke” nake ce mata, in ina maganarta kuma in ce yarinyar nan. Haka na ga ana yi, haka aka yi wa yayata, ba wanda ya mutu. Amma cikin Disamba, muna fitowa daga lakwal ɗinsu, wato makaranta, ta ga 'yan ajinsu kowa na rataye da uwarsa, ta tambaye ni da Turanci me ya sa ni ba na riƙe ta. Na yi dariya na ce, ke tafi can. Ba ta sake tambaya ba. Daga ranar ma ba ta sake tambayata komai ba. Ruwa, takalmi, aikin gida, duk wurin babanta ko wurin Hajiya. Tana gaishe ni da ladabi kamar wata baƙuwa da ta zo kwana biyu. Abin yana cina a rai, musamman in na tuna Hajiya, wadda yarinyar ke kwana a bayanta, ta kusa tafiya.

Muka ɗauki hanya. Maigida na tuƙi, Anti a gefensa da taswirar da ta buga a wurin aiki, don shi bai taɓa wuce filin jirgi ta wannan ɓangaren ba. Gari shiru, sai motocin masu zuwa aikin safe da wasu mutum biyu da na ga suna gudu a gefen titi da gajeren wando, a wannan sanyi, ba kuma wanda ya biyo su. Da muka bar manyan shaguna a baya hanya ta tsuke, ta fara hawa da sauka. Jar ƙasa ce kamar ta wasu wurare a gida, gonaki an share su tas, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Nan da can wasu ɗakuna na gungumen itace sun karkace, babu taga, Anti ta ce a ciki ake gasa ganyen taba a da. Coci kuwa ba a magana, kowace lanƙwasa da nata, fari ƙal, da maƙabarta a gefe. Itatuwa duk sun zubar da ganye sun tsaya tsirara, Hajiya ta kalle su ta ce Allah ya jiƙan dajin nan, fari ya gama da shi. Sai da aka yi ta bayani kafin ta yarda cewa barci suke, za su farka da bazara, kuma ban tabbata ta yarda har zuci ba.

Mun tsaya shan isansi, man mota ke nan, a wani ɗan ƙauye. Maigida ya ce ya fi na cikin gari sauƙi kaɗan, ya cika tanki yana murmushi kamar ya ci riba a kasuwa. Cikin shagon ƙamshin soye-soye ya cika ko'ina, amma duk abin da na nuna sai matar ta ce akwai alade a ciki, har wake. Muka haƙura da kofi da wani burodi mai gishiri da suke ci da safe. Wasu ƙarti masu huluna ruwan lemo suna zaune suna hira, mafarauta ne, hular don kada ɗan'uwa ya ɗauke ka barewa ya harbe. Ɗaya ya tashi ya riƙe wa Hajiya ƙofa ya ce mata “ma'am”, ita kuma ta sa masa albarka da Hausa mai tsawo, ya tsaya ya saurara har ƙarshe.

Can muka hango dutsen. Ba jerin duwatsu ba ne, kamar an tsinto shi ne an ajiye a tsakiyar fili. Hanyar hawansa ta yi ta murɗawa, kunnuwana suka toshe, ɗan namijin ya ce zai yi amai, bai yi ba. Na shirya kuɗin shiga a hannu, muka wuce ƙofa ba wanda ya tambaye mu ko sisi. Wannan ya ba ni mamaki, a ƙasar da ko ajiye mota a Elm Street sai ka ciyar da ƙarfen bakin titi da kuɗi.

Kusa da wani tafki akwai rumfa ta dutse da katako, da tebura da murhu. Nan aka yi rabon aiki. Hajiya ta ce gwiwarta ta ƙare nan, ta karɓi auta ta goya, ta lulluɓa da bargo har sai ƙwayar idon jaririyar kawai ake gani. Ba a barin ta ita kaɗai tun da ba ta jin Turanci, don haka maigida ya zauna hura gawayi da dafa shayi. Na so in tsaya in ga wannan zama, domin shi ma ɗan farinta ne, ba ta kallon idonsa, in tana son gaya masa abu sai ta gaya wa bango. Kafin mu tafi ma na ji tana ce wa butar shayi, “Wani wuyanshi a buɗe yake, in ya kwanta ciwo ba ruwana.” Maigida ya ja zif har haɓa.

Anti kuma ta tasa yara gaba ta fara tuɓe su. Hajiya ta yi salati. Anti ta ce, “Mama, in suka fara hawa za su yi sweating, rigar ciki ta jiƙe, wannan jiƙar ce ke kama ƙirji. A rage yanzu, in an kai sama a mayar.” Ta cire wa kowa riga biyu ta cusa a jakar bayanta. Hajiya ta juya kai ta ce mutanen Jos dama sanyi ya daɗe da taɓa su.

Muka kama hanya mu huɗu: Anti da ɗan namijin a gaba, yarinyar nan a tsakiya, ni a baya. Na daɗe ban yi tafiya ba goyo ba kaya ba. Hannayena biyu a sake, har ban san inda zan ajiye su ba, na zuba su a aljihu.

Farkon hanyar shimfiɗe take, da tsakuwa. An manna wasu 'yan alamu masu launi a jikin itatuwa don kada a ɓata, yara suka mai da abin gasa, wanda ya riga ganin na gaba ya ci. Ni kuwa ido ya samu abinci. Akwai wani itace mai kauri da bai zubar da ganye ba, amma kowane ganye ya naɗe kansa ya rataya kamar taba sigari. Anti ta ce da shi ake gane tsananin sanyi, in rana ta yi ɗumi zai buɗe. A gefen hanya ƙasa ta kumbura, na tsuguna na duba, sai ga wasu siraran allurai na ƙanƙara sun tsiro daga ƙasa sun ɗaga ɓurɓushin laka a kansu. Na taɓa da yatsa suka rushe da 'yar ƙara. A jikin wani dutse ruwan da ke tsiyaya ya daskare yana tsaka da zuba, ya yi dogayen haƙora. Ɗan namijin ya ɓalle ɗaya ya sa a baki kafin a hana shi, ya ce ba sukari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Mutanen da za ku yi shekara kuna haɗuwa a matakalar gida ba su ce maka ci kanka ba, su ne a daji kowa sai ya yi murmushi ya gaishe ka, har ya tambayi yara ko suna jin daɗi. Na ga tsoho da tsohuwa kowa da sanduna biyu, suna tafiya kamar masu shuka. Na ga magidanci da jariri a wata kujera da ya rataya a baya, da rumfarta da komai, na ce goyon ma sai an haɗa masa da injiniya. Na ga kare da rigar sanyi ja, wadda ta fi ta maigida kyau. Sauran kuwa shiru ne, irin wanda ban ji ba tun da na zo ƙasar nan. Ba mota, ba firji, ba hita, sai takunmu a kan busasshen ganye.

Daga nan wasa ya ƙare. Hanya ta miƙe tsaye ta zama matakala ta duwatsu, wasu tsayinsu ya kai gwiwar yaro. Numfashina ya fara fita da ƙara, na gane gaskiyar Anti, don bayana ya jiƙe sharkaf. Da muka zagayo ɓangaren da rana ba ta taɓawa, sai ga matakalar ta sha ƙanƙara, tana sheƙi kamar an zuba mai. Ɗan namijin ya taka ya zame, Anti ta cafe shi ta ƙugu ta saɓa a kafaɗa ta haye da shi tana bin gefe inda akwai ganye.

Yarinyar nan ta tsaya cak. Ina bayanta, tsakaninmu bai fi taku biyu ba.

"Ke, taka mana. Bi inda Anti ta bi."

Ba ta motsa ba, ba ta kuma waiwayo ba. Ina nan ina shawara da kaina, sai wata Baturiya dattijuwa mai farin gashi ta iso daga bayanmu da sandarta. Ta dubi yarinyar, ta ce mata wani abu mai daɗi, ta miƙa hannu. Yarinyar nan, wadda ko mai kawo wasiƙa ba ta yarda ta gaisar, ta damƙe hannun nan ba ko jinkiri. Suka haye tare, ni ina biye kamar 'yar rakiya. Da suka kai wuri mai kyau na ji matar na tambayarta ina mamanta, tana nuna Anti. Yarinyar ta girgiza kai ta nuna ni da haɓa. Matar ta waiwayo ta yi min murmushi, ta kalli hannayena a aljihu, ta wuce.

Ban taɓa jin abu ya soke ni haka ba. Da zagina ta yi da na rama, na iya Turancin rama zagi. Kishi ne ya kama ni, kishin wata tsohuwa da ban san sunanta ba, da kuma haushin cewa 'yar da na yi kwana biyu ina naƙudarta ta tsaya a tsorace a gabana, bai ko zo mata a rai ta juyo wurina ba.

Saman dutsen ya cancanci wahalar, wannan kam ba zan ɓoye ba. Wani faffaɗan dutse ne ya leƙa sarari, ƙasa ta shimfiɗu a ƙarƙashinsa har iyakar gani: daji ruwan toka, gonaki ja, hayaƙi na tashi daga wasu dogayen bututu can nesa, a ɗaya gefen kuma jerin duwatsu shuɗaye. Manyan tsuntsaye baƙaƙe na shawagi a ƙasa da mu, karo na farko da na ga bayan tsuntsu yana tashi. Babu shinge ko ɗaya, don haka Anti ta zaunar da yara can baya ta ce wanda ya miƙe sai ta zauna a kansa. Iska na yanka kunne. Aka mayar musu da rigunan da aka cire, na fito da fulas na kunun gyaɗa na zuba wa kowa. Ɗan namijin ya tambaya ko ana ganin Maraɗi daga nan, Anti ta ce sai ranar da babu gajimare. Yarinyar nan ta karɓi kofinta da hannu biyu ta ce na gode, ta koma jikin Anti ta zauna.

A nan na sami amsar tambayar da na fito da ita. Babu abin da Turawan nan ke samowa. Su hau, su tsaya, su yi shiru, su ɗauki hoto, su ci 'yar gyaɗa da zabibi, su sauka. Na ga kuma ba wanda ya sauka fuska a ɗaure.

Saukowa ta fi hawa wuya, duk wanda ya ce muku ba haka ba bai taɓa hawa ba. Da muka iso matakalar ƙanƙarar nan, Anti ta sake saɓa ɗan namijin ta yi gaba, lanƙwasa ta ɓoye su. Yarinyar nan ta tsaya a bakin matakala ta farko. Ta leƙa ƙasa, sannan ta juya ta kalli hanyar da muka fito, ta bayan kafaɗata, tana jiran ko wani zai ɓullo. Ba kowa. Ta ci gaba da jira, hancinta na zuba, ta kafe idonta a kan hanya.

Na buɗe baki in kira sunanta. Wallahi na gwada, amma sunan surukata ne, harshena bai san hanyarsa ba. Sai na cire safar hannu na miƙa mata hannun haka nan.

Ta kalli hannun, ta kalle ni, ta waiga hagu da dama. Sannan ta rage murya.

"Is it allowed?"

Wai an yarda? Ta ƙara da cewa ba ta so a yi min faɗa. Ashe duk makonnin nan ta zauna ta yi nata lissafin, ta yanke cewa wata doka ce aka ɗora min, in na taɓa ta za a hukunta ni, shi ya sa ta daina roƙo don kada ta ja min. Na ce mata, “Kawo hannun, sarkin surutu.”

Hannun ƙarami ne, ya yi sanyi ƙalau ta cikin safa, kuma riƙon da ta yi min sai da yatsuna suka yi tsami. Muka fara sauka a gicciye. A mataki na uku ko na huɗu ni ce na zame, na zauna daɓas a kan ƙanƙara, ita ta ja ni da dukan ƙarfinta tana cewa in yi hankali. Daga nan muka haƙura da mutunci, muka sauko sauran a zaune, muna ja da gindi, tana dariya har da shiɗewa. Da muka kai ƙasa mai kyau ban saki ba, ita ma ba ta saki ba. Na cusa hannayen biyu a aljihun rigata.

Ashe yarinyar nan baki ne da ita. Daga gindin matakala zuwa tafki ba ta numfasa ba. Na ji labarin wata ƙawarta da suka ɓata saboda fensir, na ji sunayen itatuwa uku da malamarsu ta koya musu, na ji cewa ba ta son kuɓewa, don Hajiya kawai take ci. Ta tsaya ta buɗe baki ta nuna min haƙorinta na gaba da ke girgiɗi, ta ce kowa a gidan ya sani, har Anti. Anti ta waiwayo sau ɗaya ta gan mu, ta juya ta kama waƙar coci da ƙarfi.

Ƙamshin gawayi ne ya fara tarye mu, sannan rumfar ta bayyana ta tsakanin itatuwa, ga Hajiya zaune tana fuskantar hanya. Ban yi niyya ba, yatsuna da kansu suka fara sassautawa a cikin aljihu. Yarinyar ta ji. Ba ta ƙara riƙo ba, ta bar hannunta a kwance tana jiran abin da zan yi. Na ce a raina yau dai sai dai a yi duk wadda za a yi. Na damƙe, muka fito fili a haka, fuskata na zafi duk da sanyin.

Na ga lokacin da idon Hajiya ya sauka a kan aljihuna. Sai kawai ta juya gaba ɗaya, da goyonta da bargonta, ta fuskanci tafki. Ta fara yi wa agwagin ruwa faɗa, wai wane irin rashin hankali ne wanka a wannan sanyi. Ba ta juyo ba sai da ta ji ƙarar buɗe kula.

Mun ci dambun shinkafa da zogale wanda ya huce amma bai rage daɗi ba, da soyayyar kaza, da shayin maigida mai kauri. Wasu ma'aurata a teburin gefe suna cin burodi da ganye, Hajiya ta ce ba za ta iya haɗiya ana kallonta ba, aka kai musu faranti. Yaji ya sa mijin hawaye, amma ya dawo da farantin a share. Alwala da ruwan wurin kuwa, na bar wa Allah sanin yadda muka yi ta. Muka yi azahar a kan bargo, muka tattara shara, muka kamo hanya rana na jan jiki. Kafin mu sauka daga dutsen yara uku sun yi barci, Anti ma ta bi su da taswira a cinya, maigida ya ɓata hanya sau ɗaya ya ce da gangan ne.

Mun iso gida ana shirin magariba. Bayan an yi salla na ɗauko man zafi na zauna ina murza wa Hajiya gwiwa, ko da yake ni na hau dutse ba ita ba. Can sai ta ce, tana kallon silin:

"Can gida ɗiyar fari hannu goma ka riƙon ta, shi ya sa uwa ke janye nata. Nan na duba, in na tahi ban ga kowa ba. Ki riƙe abinki. Amma ki bari sai na ba da baya, kar ki sa ni jin kunya da tsufana."

Na ce to, Hajiya. Na ci gaba da murza, don in na ɗaga kai za ta ga idona.

Ga masu niyyar kai yara irin wannan yawo, ga abin da na koyo. Kada a jibga musu kaya, a sa marasa nauyi da za a iya cirewa a mayar. A tafi da abin sha mai zafi da safa ta canji. A duba takalmi, mai santsi ba shi da amfani a wurin. A bar tsofaffi kusa da wuta. Kuma a sani yaro a daji ba inda zai gudu, kai ma ba inda za ka gudu, babu talabijin babu girki, abin da kuka daɗe kuna kewayewa a gida nan za ku yi kiciɓis da shi. Ban zubar da kunyata ba, da ita aka haife ni, kuma har gobe ina ganin kyanta. Na dai gane cewa an yi ta ne don gida mai cike da mutane, mu kuwa a nan mu biyar ne a bayan ƙofa ɗaya.

Cinyoyina sun yi kwanaki suna tuna min da dutsen nan. Ranar Litinin da safe na ɗingisa na raka yarinyar bakin titi inda motar lakwal ke tsayawa. Muna fita ta tsaya a kan matakala, ta ɗago kai ta kalle ni, ta kalli tagar falo inda Hajiya ke zama da carbinta. Muna tsaye sai muka ji ƙiiii, an ja labule.